Kamberwel, Unguwar da Aka Sake Ƙirga Yara

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Denmark Hill, a kudancin Landan, ba zai yi tafiyar minti biyar ba sai ya tsinci kansa tsakanin asibitoci biyu masu kallon juna. A tsallake akwai King's College, inda jiniyar motocin asibiti ba ta yankewa. A wannan gefen kuma Maudsley ne, asibitin ƙwaƙwalwa mai jan bulo da aka buɗe wa jama'a a 1923. A bayansa, kan titin De Crespigny Park, cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa take. Ita ta kawo ni unguwar Kamberwel, domin a nan Dakta Lorna Wing ta yi aikin da ya sauya yadda duniya ke kallon lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga.

Ina tsaye a wurin jiran bas sai ga wata uwa riƙe da ɗanta, ɗan kamar shekara bakwai, kunnuwansa a rufe da abin tare ƙara. Duk bas ɗin da ta wuce sai ya kaɗa hannuwa kamar tsuntsu mai shirin tashi. Babu wanda ya zuba masa ido, uwar ma hankalinta kwance. Shekara sittin baya, da wuya ta samu wannan natsuwa.

A wancan zamani likitoci na bin bayanin da Leo Kanner ya yi a Amurka a 1943 game da yara 11. Ma'aunin ya yi ƙunci ƙwarai, yaron da bai dace da shi sak ba sai a ce ba shi da lalurar. Ga kuma zargi da ake ɗora wa iyaye mata, wai rashin nuna ƙauna ne ya jawo. Lorna Wing ta san zafin wannan magana, domin likita ce kuma uwa: 'yar da ta haifa a 1956 tana da otizim. Shi ya sa a 1962 ta shiga sahun iyayen da suka kafa ƙungiyar da ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

Ita da abokiyar aikinta Judith Gould ba su zauna a ofis suna jiran a kawo musu yara ba. Sun bi makarantu da gidajen wannan unguwa, suna zama da yara, suna sauraron iyaye da malamai. Sakamakon ya fito a 1979. Yaran da suka dace da ma'aunin Kanner kusan 5 ne cikin 10,000, amma waɗanda ke fama da matsaloli uku a haɗe, wato cuɗanya da mutane, isar da saƙo, da wasan kwaikwayo na ƙuruciya, sun kai kusan 20. Ashe mafi yawansu an bar su a waje, babu suna. Daga nan ta kafa hujjar cewa otizim hawa-hawa ne: wani ba ya magana ko kaɗan, wani kuma bakinsa ya fi na malaminsa. A 1981 ta fito da aikin da Hans Asperger na Biyana ya yi kan wannan lalura ga masu karatu da Ingilishi. A wannan cibiyar bincike ta Kamberwel ne kuma Michael Rutter da Susan Folstein suka yi binciken tagwaye a 1977, wanda ya nuna ƙarfin gado, ya sauke wa uwaye nauyin da ba nasu ba.

Da la'asar na gangara zuwa Camberwell Green, 'yan makaranta sun cika titi, ana ta hayaniya. Dakta Wing ta rasu a 2014, ban kuwa ci karo da gunkinta a hanyata ba. Amma a duk asibitin da likita ya ce wa uwa, “Ba laifinki ba ne, kuma akwai abin da za a yi,” aikinta ne ke magana. Na tuna yaran garuruwanmu da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, ana cewa aljanu ne suka shafe su. Su ma suna jiran wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa, ya zauna, ya ƙirga da su.