Maƙwabcina Mutumin Gaza

Mu da muka tasa a Arewa a shekarun 1960, mun tarar manya sun riga sun yanke hukunci a kan maganar Falasɗinu. Sardauna Ahmadu Bello ya ce ba ya son bashin Isra'ila ko taimakonta a Jihar Arewa, alhali tana da ofishin jakadanci a Legas, kamfanoninta kuma suna ta gine-gine a Yamma da Gabas. Mu yara wannan ya ishe mu hujja. Saura a bakin rediyo muka tsinta: yaƙin kwana shida na watan Yunin 1967, wanda ya riga namu yaƙin basasar da wata guda kacal, sai gobarar Masallacin Ƙudus ta Agustan 1969, wadda wani mutumin Ostireliya ya tayar. A zaurukan unguwarmu lissafin ba shi da wuya, ga Larabawa ga Yahudawa, kowa ya san inda zai tsaya. Har na bar gida a 1972 zuwa karatu a Azhar ban taɓa sa ido a kan Bafalasɗine ko Bayahude ba.

A Madinatul Bu'us aka sauke mu, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya a Alƙahira, inda za ka ji mutumin Mali da na Indunusiya suna rigima a kan layin famfo da Larabcin littafi. Ɗakin da ke jikin nawa na wani saurayi ne da kowa ke kira mutumin Gaza. Amma in ka tambaye shi garinsu, Majdal zai ce maka, ko da yake bai taɓa taka ta ba. Majdal gari ne na masaƙa, kayansa sun yi suna a duk faɗin Falasɗinu, mahaifin saurayin ma masaƙi ne. Da yake ni ma a cikin ƙarar masaƙa da warin karofi na girma, a nan hirarmu ta fara. Sojojin Masar sun riƙe garin a yaƙin 1948, da suka janye a watan Nuwamba sai yawancin mutanen suka bi su kudu, ragowar da suka tsaya kuma hukumomin Isra'ila suka kwashe su zuwa Gaza a 1950. Yau birnin Ashkelon ne a wurin. Shi a sansanin Jabaliya aka haife shi, inda ko kilomita 25 ba a yi ba tsakaninsa da gidan ubansa. Ya yi makarantar hukumar UNRWA, ya girma da garin alkama da madarar gwangwani na rabo. 'Yan gudun hijira wajen 200,000 aka cusa a wannan ɗan zirin a kan mutum kamar 80,000 da ke zaune a can tun asali.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda Gazan ma ta fi ƙarfinsa. An turo shi Masar karatu yana yaro, kafin yaƙin 1967, lokacin zirin yana hannun Masar, mutum ya hau jirgin ƙasa ya ratsa Sina'i ya iso Alƙahira. Da Isra'ila ta kama Gaza sai ta yi ƙidaya a watan Satumban shekarar, wanda duk ba ya gida ranar ƙidaya ba shi da katin zama. Uwarsa na ciki, shi yana waje. Abin da ke aljihunsa kawai wata takardar tafiye-tafiye ce da Masar ke ba 'yan gudun hijirar Gaza, mai kama da fasfo amma ba ta mai da kowa ɗan ƙasa. Tun zamanin Jamal Abdul Nasir dai ana yi wa Falasɗinawa gata a Masar: makaranta kyauta, jami'a kyauta, aikin gwamnati a buɗe kamar kowane Bamasare. Yasir Arafat ma a Jami'ar Alƙahira ya karanta injiniyanci. Saboda haka a shekarun nan na farko maƙwabcina bai cika kallon takardar da damuwa ba.

Ranar Asabar 6 ga Oktoban 1973, goma ga watan azumi, da misalin ƙarfe biyu na rana, sojojin Masar suka tsallake mashigin Suwes, na Siriya kuma suka auka Tuddan Golan. Ranar Yom Kippur ce, babbar ranar azumin Yahudawa. Ganuwar yashin da Isra'ila ta tula a gaɓar gabas, wadda masana suka ce sai an daɗe ana aman bama-bamai kafin a huda ta, da injinan feshin ruwa aka narkar da ita cikin sa'o'i. Ban taɓa ganin gari ya canja fuska irin yadda Alƙahira ta yi a makon nan ba. An shafa wa tagogi da fitilun motoci shuɗin fenti, dare ya yi duhu, amma kowane kantin shayi cike yake da mutane sun kewaye rediyo suna jiran sanarwar soja ta gaba. Mu ɗalibai muka yi layin ba da jini da azumi a bakinmu. Wani tsoho mai sayar da wake ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce, "Tafi abinka ya Maulana, yau mun ɗaga kai." Tun 1967 mutanen nan suke tafiya kai a sunkuye.

Maƙwabcina ma ya yi murna, har da hawaye. Sai dai bayan kwanaki kaɗan, ina ta zuba masa cewa sallar bana a Jabaliya zai yi ta, ya jawo taswira ya shimfiɗa a kan gado. Ya nuna min inda sojojin Masar suka tsaya suka haƙa ramuka, kilomita goma zuwa sha biyar gabas da mashigin, daidai inda makamai masu linzami na kakkaɓo jirage ke iya kāre su. Sannan ya ja yatsa har Gaza, tafiyar kilomita 200 ko fiye. "Ɗan'uwa," in ji shi, "wannan yaƙin Sina'i ne. Allah Ya ba su sa'a, amma ba namu ba ne." Babu ɗaci a muryarsa, ya faɗe ta ne kamar mai karanta darasin nahawu.

Sauran labarin sananne ne. A tsakiyar watan rundunar Ariyel Sharon ta kutsa ta tsallako gaɓar yamma ta wajen Dafarsuwar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙuduri na 338 na tsagaita wuta, aka yi wa Runduna ta Uku ta Masar ƙawanya, sannan hafsoshin ɓangarorin biyu suka zauna a tanti a kilomita 101 kan hanyar Suwes. Wannan tsallakowar ce ta sa Janar Gowon ya yanke hulɗa da Isra'ila kafin ƙarshen watan, a kan cewa ta taka ƙasar Afirka. Gowon ɗin nan shi ne ya je Isra'ila da Masar neman sulhu a 1971 tare da takwarorinsa Senghor da Ahijo da Mobutu. Cadi da Nijar sun riga mu yankewa. Ranar da labarin ya iso, mu 'yan Nijeriya sai da muka sha shayi kyauta a Abbasiyya.

Akwai wani abu da ba wanda ya koya min, ƙafata ce ta kai ni. Bayan kasuwar Muski, ba nisa da masallacin Azhar, akwai lungunan da ake kira Haratul Yahud, unguwar Yahudawa. Na sha ratsawa ta nan in zan sayi takarda da tawada. Sunan yana nan, taurari masu kusurwa shida na nan a kan wasu ƙofofi, masu gidajen ne babu. Yahudawan Masar sun kai wajen 75,000 a 1948, da yawansu Larabci suke yi, wasu kakanninsu sun fi shekara dubu a gaɓar Nilu. Bayan 1948, sannan musamman bayan yaƙin 1956 da na 1967, tsare-tsare da kora da ƙwace dukiya suka watse da su, a zamaninmu 'yan ɗaruruwa suka rage, galibi tsofaffi. Babban wurin ibadarsu na titin Adli kullum da ɗan sanda a ƙofa, ba kowa ciki. Na taɓa kawo wa maƙwabcina zancen. Ya yi shiru, sannan ya ce ya san akwai irinsu a gidajen Majdal yanzu, waɗanda aka kwaso daga ƙasashen Larabawa, kuma korar da aka yi musu ba ta mayar wa ubansa da masaƙarsa ba. Ni ma ban ga ta inda zalunci na biyu ke biyan bashin na farko ba, har yau.

Shekarar 1974 ta yi wa Falasɗinawa daɗi a takarda. Taron Rabat ya amince ƙungiyar PLO ce kaɗai wakiliyarsu, a Nuwamba kuma shugabanta Arafat ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma a ƙasa Masar ta riga ta kama wata hanya, Henry Kissinger na Amurka na ta kai da kawo tsakaninta da Isra'ila, aka sake buɗe mashigin Suwes a Yunin 1975.

Ba zan zagi Shugaban Masar Anwar Sadat a arha ba, domin na zauna cikin talakawansa. Na bi layin kantin gwamnati don kaza ɗaya da sabulu. Na ga iyalai daga Suwes da Isma'iliyya da Port Sa'id da yaƙi ya kora suna cunkushe a ɗaki guda shekara da shekaru. A Janairun 1977, da gwamnati ta janye tallafin kayan abinci, gari ya kama da wuta kwana biyu, aka kashe mutane da dama, sai da soja suka fito aka mayar da tallafin. Ƙasar da ta yi yaƙi huɗu cikin shekara 25 tana da ikon cewa ta gaji. Da Sadat ya sauka a Isra'ila ranar 19 ga Nuwamban 1977, washegari ya yi sallar layya a Masallacin Ƙudus ya kuma yi jawabi a majalisar Knesset, a ɗakin talabijin na Bu'us muka kalla, ɗakin ya cika har taga. Ministan harkokin wajensa Isma'il Fahmi ya ajiye aiki a kan tafiyar. Amma da Sadat ya dawo, titunan Alƙahira sun cika da masu tarbarsa, kuma ba duka ne hayarsu aka yi ba.

Kuɗin wannan tafiya kuwa wasu ne suka biya. A Fabrairun 1978 'yan bindigar ƙungiyar Abu Nidal, wanda shi kansa abokin gabar Arafat ne, suka harbe Yusuf Siba'i, marubuci kuma shugaban jaridar Al-Ahram, a Kubrus. Sojojin kundumbalar da Masar ta aika filin jirgin Larnaka suka yi arangama da sojojin Kubrus, aka kashe 15 daga cikinsu. A wajen jana'iza aka riƙa la'antar Falasɗinawa baki ɗaya. Cikin shekarar aka soke gatan zamanin Nasir: Bafalasɗine ya koma baƙo, makarantun gwamnati suka rufe wa 'ya'yansa ƙofa, kuɗin jami'a ya koma na kuɗin waje, aikin gwamnati ya ƙare. Maƙwabcina, wanda ya fi shekara goma a garin, ya daina magana da harshen Gaza a cikin bas, ya koma na Masarawa, wanda ya iya kamar a nan aka haife shi.

A Camp David, Satumban 1978, takardu biyu aka sa wa hannu. Ta Sina'i tana da taswira da wa'adi, kuma an cika ta: yarjejeniyar zaman lafiya a Maris na 1979, janyewa ta ƙarshe a Afrilun 1982, har garin Yamit da Isra'ila ta gina ta rushe da hannunta. Ta Falasɗinawa kuwa alkawarin cin gashin kai ne na wucin gadi na shekara biyar a Gaza da Gaɓar Yamma, ba Bafalasɗine ko ɗaya a teburin, ba a tsai da magana a kan Birnin Ƙudus ba, gwamnatin Menahem Begin kuma ta ci gaba da kafa matsugunai. Ƙasashen Larabawa suka dakatar da Masar, suka mai da hedkwatar ƙungiyarsu Tunis, suka yi ta jawabai masu zafi. Ban ga ko ɗaya daga cikinsu ta kira maƙwabcina ta ba shi fasfo ba.

A 1979 na dawo gida na kama koyarwa, shi kuma ya sami aikin malanta a Kuwait. Muka ci gaba da wasiƙa jifa-jifa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, su ma da irin takardarsa. Falasɗinawa sun kai wajen 400,000 a Kuwait kafin Saddam ya mamaye ta a Agustan 1990. Da aka kori Iraƙi a 1991, aka ɗora musu laifin kusancin Arafat da Saddam, yawancinsu suka bar ƙasar ko aka hana su komawa. Masu fasfon Jodan suka tafi Amman. Masu takardar Gaza kuwa, Isra'ila ba ta yarda su shiga Gaza, Masar da ta buga takardar ba ta barin su shiga sai da biza, Kuwait ba ta son su zauna.

A 1992, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta mayar da hulɗa da Isra'ila, wasiƙarsa ta iso yana tambaya ko ana bukatar malamin Larabci a Kano. Ana bukata mana, na samo masa makarantar Islamiyya da ta yarda ta ɗauke shi har da ɗakin zama. A wajen izinin shigowa maganar ta tsaya, domin a takardar nema akwai gurbin da za a rubuta ƙasar da baƙo zai koma in aikinsa ya ƙare, kuma jami'in da na gani ya ce shi ba zai iya karɓar takarda da wannan gurbi a buɗe ba.