HAGU DA DAMA

Na san ci gaban labari kuke jira, to ku yi min afuwa, yau labarin kaina na zo da shi. Maza masu karatu zancen na ɗaki ne, amma ban ce ku tashi ba, don akwai rabonku a ciki.

Shekara 20 ke nan ina rubuta littafi, kuma duk yarinyar da na ƙirƙira sai na cika mata ƙirji. Kun san yadda muke yi, doguwa, fara, gashi har gadon baya, dukiyar Fulani a tsaye cak. Ko ta haifi uku a littafi na biyu, in aka shiga na uku tana nan yadda take ranar da aka kai ta. Ni kuwa mai riƙe da biron, duk ranar da zan fita biki sai na ninke hankici huɗu na cusa a ɓangaren hagu na rigar mama kafin na zura riga.

A Gwaram aka haife ni, aure ya kawo ni Birnin Kudu a 1999 bayan na gama sakandare. Haihuwata 6, kuma babu wanda na yaye bai haura shekara ɗaya da rabi ba. A goyo na huɗu, cikin 2012, ina tsaka da wankan jego nonon hagu ya kumbura ya yi jawur, ga zazzaɓi mai kaɗa haƙori. Tsofaffi suka ce ƙaiƙayi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe har ya tara mugunya, sai da aka kai ni asibiti aka tsaga. Tun daga nan yarinyar ta ƙi kama shi, ni ma tsoro ya hana ni matsa mata. Na biyar da auta duk dama suka sha. Shi kuwa nono gwargwadon tsotsa yake kawo ruwa, wanda aka bari sai ya ƙafe. Da na yaye auta a 2021, dama ya zube ya yi tsawo, abin da 'yan mata ke kira silifas, hagu kuma ya tsuke ya koma kamar na 'yar shekara 13, ga tabon wuƙa a gefensa.

Na yi zaman haƙuri da abina har ranar bikin 'yar ƙanwar maigidanmu. Ana kamu, mata sun cika tsakar gida, aka ja ni fili wai sai marubuciya ta taka. Ina juyi hankicin nan ya sulale ta ƙasan riga ya faɗi gaban kowa. Wata daga dangin ango ta ɗaga shi sama ta ce, "Hajiya mai littafi, kin yar da kayanki." Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, na karɓa na share gumi da shi. Amma wallahi daren nan ban runtsa ba. Da na ba maigida labari sai ya ce, "To ni na taɓa cewa wani abu ne?" Gaskiya ne bai taɓa cewa ba. Sai dai na daɗe da lura ni ce mai saurin kashe fitila, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Babu abin da ban gwada ba. Hulba na sha na shafa, kunun alkama da gyaɗa har sai da ya gundure ni, mayukan masu kayan mata na WhatsApp kuwa wani sai da ya feso min ƙuraje. Ƙiba na yi, hagu yana nan yadda yake. Daga baya na gane dalili, shi nono babu tsoka a cikinsa, kitse ne da hanyoyin ruwa da wasu siraran jijiyoyi masu riƙe shi, in suka saki babu man da zai mayar da su.

Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta taka min burki. Ta ce, "Ke, kafin zancen kyau, kin tabbatar lafiya ce ta rage shi? Sauyin girma a nono ɗaya ba abin wasa ba ne." Ta tuna min cewa sankarar mama ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama matan Najeriya, kuma yawancinmu sai abu ya ci ya cinye muke zuwa asibiti. Gabana ya faɗi. Washegari na je Asibitin Tarayya na nan Birnin Kudu aka duba ni, daga baya na je Kano aka yi min hoton mamogiram. Kwanakin jiran sakamako na manta da wani hankici, auta kawai nake kallo ina hawaye. Alhamdu lillahi babu komai sai tabon tsohon ciwo.

A wannan zuwa Kanon ne na ga likitan tiyatar gyaran jiki. Dattijo ne mai haƙuri, ya sa ma'aikaciya mace ta tsaya, ya auna, sannan ya ɗauko takarda ya zana min ƙirji ta gefe, ga ƙashin haƙarƙari, ga tsokar ƙirji a kansa kamar faifai, ga nono a kan tsokar. Ya ce, "Hajiya, jakar silikon ɗin nan wuri biyu ake ajiye ta, ko a saman tsoka ƙarƙashin nono, ko a ƙarƙashin tsokar. Kowanne da ribarsa da wahalarsa."

Na saman tsoka, in ji shi, ya fi sauƙin ciwo, an fi saurin warkewa, kuma in kin motsa hannu jakar ba ta motsi. Amma in naman nonon siriri ne, bakin jakar yana iya nunawa, fata ta riƙa yin tattara kamar ledar ruwa. Sannan jiki yakan gina wani tantani ya kewaye duk baƙon abin da aka sa masa, wani lokaci tantanin ya ƙanƙance ya matse jakar, nono ya yi tauri ya dinga ciwo, kuma an fi samun haka a na sama. Ya fi tare wa mamogiram gani kuma.

Na ƙarƙashin tsoka ya fi ɓoye jakar, taurin nan bai cika zuwa ba, hoto ma ya fi fita. Sai dai ya fi zafi bayan aiki, za ki yi makonni ba ɗaukar abu mai nauyi, kuma duk sanda tsokar ta ɗaure, kamar wajen daka ko jan guga, ana iya ganin nonon ya zabura. Ya ce yawanci yanzu rabi da rabi ake yi, tsoka ta rufe saman jakar, naman nono ya rufe ƙasanta.

Ya matsi naman saman hagu da yatsu biyu ya ce bai kai santimita 2 ba, don haka in nawa ne ƙarƙashin tsoka ya dace. Na ce to dama fa? Ya ce dama ba jaka yake buƙata ba, don jaka cikawa take, ba ta ɗaga abin da ya zube, in ma aka sa ta ƙarƙashin tsoka a zubabben nono sai ta tsaya a sama naman ya rataya a ƙasanta. Shi sai an yanke rarar fata an ɗage shi an ɗan rage, kuma zai bar tabo, ga baƙar fata da yawan yin tabo mai tudu. Akwai kuma hanyar ɗebo kitse daga ciki a zuba a hagu, amma jiki yana shanye wani kaso, sai an maimaita. Abin da ya fi tsaya min shi ne da ya ce, "Ko an yi, ba za su zama tagwaye ba. Mai jaka da marar jaka ba tare suke tsufa ba. Kuma jakar ba ta har abada ba ce, ki sa a ranki wata rana za a iya komawa tiyata."

Ya ƙara min da wata magana da nake so maza su ji. Ya ce shayarwa ba ita ce ke zubar da nono ba, ciki ne da kansa, da yawan haihuwa, da shekaru, da hawa da saukar ƙiba. Wani bincike da likitoci suka yi a jihar Kentucky ta Amurka, aka buga a 2008, shi ma ya nuna ba shayarwa ce ke zubar da shi ba. Nawa bambancin ya zo ne daga ciwo da shayarwa da ɓangare ɗaya. Don haka mai hana jariri nono don tsoron silifas ta cuci yaro a banza.

Na dawo gida da takardar zanen a jaka, na sa babban ɗana ya dinga binciko min a waya yana karanta min, yana sunkuyar da kai don kunya. Ashe tun 1962 aka fara wannan aiki a birnin Houston na Amurka. A 1992 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta taƙaita amfani da jakar silikon, sai 2006 ta sake ba da izini. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'anta, mai kamfanin ya sha hukuncin ɗaurin shekara 4. A 2019 aka janye wasu jakunkuna masu kaushin baya na kamfanin Allergan saboda alaƙarsu da wata sankara da ba ta cika faruwa ba. Ita hukumar Amurkan tana ba da shawarar a yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6 da sa jakar, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3, don tana iya fashewa mace ba ta sani ba. Na kuma tuna Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa guda, da ta rasu a Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan tiyatar gyaran jiki. Nata ba na nono ba ne, amma wuƙa wuƙa ce. Kada garin neman gira a rasa ido.

Sai batun addini, don ya hana ni sukuni. Na keɓe da malamarmu ta Islamiyya na ce, "Malama, wannan ba canza halitta ba ne?" Ta ba ni labarin sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya yi masa izinin sa na zinare. Ta ce majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Maleshiya a 2007 kan irin wannan tiyata, ta bambanta tsakanin gyara aibin da ciwo ko haɗari ya jawo da kuma sauya lafiyayyar halitta don kwalliya kawai. Ta ce, "Hagunki ciwo ne ya taɓa shi, yana da fuska. Damanki kuwa ki tambayi zuciyarki, ki ƙara tambayar malamai."

Saura kuɗi. Abin da aka yanka min miliyoyi ne, kuma kun san kasuwar littafi ba kamar da ba. Abu ɗaya na mallaka da zai biya, gonar da na gada wajen Baba a Gwaram, wadda ƙanina ke noma min riɗi. Maigida ya ce gonata ce, ba zai hana ba, ba kuma zai ce na yi ba. Na shiga mota na tafi da niyyar a nemo mai saye.

Na tarar da Inna a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa. Da kyar na iya fara zancen, ina yi ina kallon ƙasa. Ta saurara har na gama, ta karɓi takardar likita ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wato a ƙarƙashin nama za a binne shi?" Na ce eh Inna. Ta yi dariya har da tari, ta ɗan sassauta zaninta ta ce, "Duba nan. Ku 9 kuka sha, kuma ke kika fi kowa cizo. Wa zai biya ni nawa?" Na yi dariya, sai kuma kuka ya ƙwace min. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Ban ce kar ki yi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma likitan ya ce wata rana za a koma. Ranar wace gonar za ki sayar?"

Wannan tambaya ce ban da amsarta. In na sayar na yi, bayan shekara 10 ko 15 jakar ta fashe ko ta taurare, ina da shekara kusan 60, da me zan koma? Ko kuɗin hoton da za a dinga yi sai an yi lissafi. Na kwana biyu a Gwaram na dawo ban yi wa kowa zancen ciniki ba.

Yanzu dai ga inda nake. Na zaɓi wuri, in har zan yi to ƙarƙashin tsoka ne a hagu, amma ban yi ba, gona tana nan. Na daina hankici, na samo rigar mama mai aljihu da soso wanda ake sakawa a ciki, ba ya faɗuwa ko an yi rawa. Takardar likita tana cikin akwatina tare da takardun gado, wani lokaci in ɗauko in kalla in mayar. Ban zargi wadda ta yi ba, musamman wadda sankara ta sa aka cire mata. Sai dai 'yar uwa in za ki yi, fara da gwajin lafiya, ki nemi ƙwararren likita mai rajista, ki tambayi sunan jakar da kamfaninta a rubuta miki, ki bari sai kin gama haihuwa kin yi watanni da yaye. In kuma kina goyo nono ya kumbura ya yi ja, ki je asibiti tun bai tara mugunya ba, kuma kada ki daina ba yaro ko tatse shi sai in likita ya hana. Da na san wannan a 2012 da wataƙila ban rubuta muku wannan ba.

Ranar da na dawo daga Gwaram na bar fitila a kunne. Maigida ya dube ni ya ce, "Yau kuma?" Na ce yau kuma. Sauran ba na makaranta ba ne.

A sabon littafin da nake rubutawa tauraruwar ta haifi huɗu, kuma jikinta ya nuna ta haifa. Mai buga min littafi ya ce ba za ta yi kasuwa ba. Ku za ku raba mu gardama. Ci gaban labarinmu yana nan tafe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, daga Birnin Kudu.