Gunkin da ba a sassaƙa da gizago ba



Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin labarin ranar da kakanninmu suka karɓi bishara. A ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina da Zariya, in mutum ya ba da gaskiya, sai ya kwaso layu da guraye da tukunyar tsafin gidansa, a tara a tsakar gida a cinna musu wuta, jama'a na kallo. Wasu sun rasa gona saboda wannan, wasu an ƙwace musu mata. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma tun daga lokacin ake karanta mana dokar farko cikin dokoki goma da harshenmu. Saboda haka in aka ce gunki, hankalinmu kan tafi ga Tsumburbura ta dutsen Dala, ko ɗan maraƙin zinariyar da Haruna ya ƙera a jeji, mu ce ai mu mun wuce wurin.

Annabi Ezekiyel, a sura 14, ya ba da labarin dattawan Isra'ila da suka zo suka zauna a gabansa don neman maganar Allah. Babu wanda ya riƙo gunki a hannu. Amma Ubangiji ya nuna masa cewa gumakansu na cikin zuciya. Wannan surar ce ta hana ni sakewa. Mutanen nan dattawa ne, kuma wurin annabi suka zo, wato a yau da mun ce sun zo sujada.

Aikin sakatare ya sa littafin halartar taro yana hannuna, tare da na kuɗin wata-wata. Ba zan kira sunan kowa ba, amma littafin nan ba ya ƙarya. Ranar da za a kwashi adashi, kujeru ba sa isa. Ranar addu'a da azumi kuwa, sai ka ji cunkoson motoci ya tare kowa, daga Agege har Mile 12, kamar a ranar ne kaɗai ake cunkoso a Legas. Ba na raina wahalar kowa. Na san mai gadin da ke kwana a tsaye, na san mai tura baro a kasuwa, na san mai aikin gida da ba a ba ta Lahadi sai sau ɗaya a wata. Su Allah ya ga halinsu. Maganata a kan mu ne da muke da zarafi.

Kuɗi shi ne na fili, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. Bulus ya gaya wa Kolosiyawa cewa kwaɗayi bautar gumaka ne, bai sassauta ba. Mun ga yadda aka yi da MMM, mai alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, har ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. A bakin majami'a aka riƙa tallarsa bayan an tashi sujada, har da masu ba da shaidar cewa Allah ne ya buɗe ƙofa. Ba a cika shekara goma ba CBEX ya maimaita abin a Afrilun 2025, kuma aka sake samun masu kuka. Ga matasanmu da cacar ƙwallo: yaro na zaune a majami'a, takardar caca na naɗe a cikin Littafinsa, hankalinsa na Ingila. Banza ba ta kai zomo kasuwa, mun sani tun muna yara. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke shafa wa kwaɗayi sunan bangaskiya don kada a yi mana faɗa.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne gunkin da asalinsa abu ne mai kyau. A Littafin Ƙidaya sura 21, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera macijin tagulla ya ɗora a kan sanda, duk wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Abin ya yi aiki, ya ceci rayuka. Isra'ilawa suka adana shi ɗaruruwan shekaru. Kafin zamanin sarki Hezekiya sun koma ƙona masa turare, har sun ba shi suna Nehushtan. Hezekiya ya farfashe shi, kuma 2 Sarakuna sura 18 ta lissafa wannan cikin abubuwan kirki da ya yi. Ku yi tunanin surutun da aka yi a Urushalima a ranar: abin da Musa ya ƙera da hannunsa, wani yaro ya zo ya fasa!

Yanzu mu dubi namu. Akwai gidajen 'yan'uwa da za ka shiga ka tarar da kwalbar man shafewa a saman ƙofa, hoton wani babban mai wa'azi a manne a jikin mota, da ƙyallen da aka yi wa addu'a a ƙarƙashin matashin jariri. Yaƙub ya ce dattawan ikkilisiya su yi wa marar lafiya addu'a suna shafa masa mai, wannan ba gardama. Amma in mutum ya manta kwalbar a gida ya kasa shiga motar zuwa Kaduna, sai in tambaya: mene ne bambancinta da layar da kakansa ya ƙona? Haka batun bayin Allah. Girmama fasto wajibi ne, ni ma ina durƙusa wa nawa. Sai dai a Listira, da mutane suka kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, yayyage tufafinsu suka yi suka ruga cikin taron suna hana su. Yau akwai wanda za a zagi sunan Yesu a gabansa ya yi shiru, a taɓa babansa na ruhaniya a Facebook ya kwana yana zage-zage.

Akwai kuma wanda nake jin nauyin faɗa, domin ya shafi ciwon da ba mu warke ba. Cikinmu akwai waɗanda ba neman kuɗi ya kawo su kudu ba. Rikicin Zangon Kataf na 1992, na Kaduna na 2000, na Jos na 2001, da abin da ya biyo baya a arewa maso gabas, su suka raba wasu da gidajensu. Akwai iyayenmu mata a wannan ƙungiya da suka binne 'ya'ya. A gida a ce mana Bahaushe ba ya zama Kirista, a nan kuma maƙwabci ya ji muna Hausa ya ɗauka ba mu san hanyar majami'a ba. Ba ni da bakin da zan ce wa mai irin wannan tabo ya manta, kuma neman a yi adalci ba zunubi ba ne. Amma na lura gaba na iya zama wurin da mutum ke kai hadaya. Kullum da dare a zauna ana tura hotunan gawarwaki a WhatsApp, ana ciyar da fushi, yara na ji. Yunana ya fi son a hallaka Nineba da ya ga Allah ya ji tausayinta, ya fita bayan gari ya zauna yana fushi da Ubangiji kansa. Alhali a kasuwar Mile 12, mai tumatirin da ke ba Mama bashi har ƙarshen wata Musulmi ne ɗan Kano, kuma in an tashi korar 'yan arewa ba a tambayar wa ke zuwa coci. In fushinmu ya kai inda ba za mu iya yi wa irinsa addu'a ba, to akwai abin da ya hau kujerar da ba tasa ba.

Ita kanta ƙungiyar ba ta tsira ba. An kafa ta don zumunci, don mu kai gawa gida in an yi rashi, mu tallafa wa gwauraye da marayu. Yanzu rabin lokacin taro na tafiya a kan launin anko da wanda za a ba kujerar gaba ranar bikin shekara. Ranar tara gudunmawa kuwa, ni ake miƙa wa lasifika in karanta suna da adadi, a yi tafi gwargwadon nauyin ambulan. Ina kallon fuskar wadda ta kawo naira ɗari biyar daga kuɗin ƙosanta lokacin da tafin ya yi sanyi. Mun san abin da Yesu ya ce game da gwauruwar da ta saka 'yan kuɗinta biyu a baitulmalin Haikali, muna koya wa yara shi a makarantar Lahadi.

Saboda haka na rubuta wa Baba shugaba da kwamiti shawara cewa daga bana a daina karanta sunayen masu bayarwa. Ma'aji ya ba kowa rasit, a faɗi jimilla kawai. Na san akwai masu ganin kuɗin zai ragu, kuma mai yiwuwa ya ragu ɗin. Maganar tana cikin ajandar taronmu na wata mai zuwa, bayan rahoton ma'aji. Wanda bai yarda ba ya zo ya faɗi dalilinsa, zan rubuta shi a littafi kamar yadda ya faɗa.