Daƙiƙa goma sha ɗaya a tashar Treichville

Mu mutanen Adar a labari muka san jirgin ƙasa. Ina yaro a Bambeye, idan ƴan biɗa suka dawo daga kurmi gab da faɗuwar damina, da akwatin ƙarfe da rediyo mai kaset, mukan tsuguna a bakin tabarmarsu mu sha labarin wani dogon abu da ke tashi daga Wagadugu, ya yini ya kwana yana tafiya, ba ya tsayawa sai ya shaƙi iskar teku. Sunan layin ma kamar tsokana: Faransawa sun raɗa masa Abijan-Nijar, sun fara shimfiɗa shi a 1904, ya kai Bobo a 1934, ya shiga Wagadugu a 1954, amma har yau bai ga Nijar ba, kogin ko ƙasar. Wanda aka shimfiɗa mana daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 kuwa, ta tagar mota na gan shi, kwance cikin rairayi, awaki na kiwo a kansa.

Shi ya sa a hutun ƙarshen Disamba na 2018, da na tara ƴan jikkunana na sayi waya mai kyan hoto, na ƙudura sai na hau wannan jirgi, na ɗauko shi tun daga kai har wutsiya, na kawo wa yaran ajin da nake koyarwa su gani da idonsu. Daga Tawa mota ta kai ni Yamai ta Konni da Dogon Dutse, daga Yamai wata ta kai ni Wagadugu, inda na hau jirgin. Niyyata in sauka Abijan, in ƙarasa Grand-Bassam, tsohon babban birnin Kodebuwa na bakin teku, in taɓa ruwan gishiri da hannuna.

Tun daga Kudugu hannuna bai huta ba. Na ɗauki farar tashar Bobo mai kama da masallaci, na ɗauki gonakin rake na wajen Banfora, na ɗauki matan da ke rugowa da faranti a ka duk inda jirgi ya ci birki, mai ayaba, mai doya, mai ruwan leda. A Dimbokro na leƙa da waya ta taga don kada doguwar gadar ƙarfen kogin Nzi ta wuce ni. Wata tsohuwa da ke zaune daura da ni ta ja gyale ta rufe fuska da ta ga na juyo da wayar wajenta. Na yi dariya a raina, na ce ƙauyanci. Da ina da hankali, da a nan na ɗauki darasina da arha.

Mun shiga tashar Treichville ta Abijan jiki duk ya yi tsami. Na diro ina ɗauka: kan jirgin yana huci, fasinjoji na kokawa da kaya, ƴan dako na rige-rigen buhu. Na juya wayar a hankali daga hagu zuwa dama yadda na ga masu fim suna yi, na kashe. Kashegari na shiga motar Grand-Bassam, tafiyar kilomita arba'in ko kusa da haka. Na ga gidajen Turawa na unguwar Faransa da gishiri ya cinye wa bango, a garin da annobar shawara ta 1899 ta sa aka ɗauke mulki daga cikinsa zuwa Bingerville, wanda kuma UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Teku kuwa ya fi ƙarfin bayani, ya kuma fi ƙarfin wayata. Igiyar ruwan wurin ba ta wasa, sai ƙafa kawai na tsoma. A daren nan, ina kwance, na haɗa guntayen suka ba da minti huɗu, na tura zauren WhatsApp na ƴan garinmu. Ban sake kallonsa ba kafin in tura. Yabo nake jira.

Yabon ya zo. Bayansa kuma wani ya rubuto: "Wancan mai buhu a ka ba wane ba ne?"

Shi ne. Dattijo ne daga wani ƙauye kusa da namu, sa'an babban wana, wanda kowa a gida ya san yana da tebur a kasuwar Ajame ta Abijan. Duk shekara yakan aiko da kuɗin hatsi da na Sallah, idan ya zo gida babbar riga yake sawa, a yi masa shimfiɗa a gaba. Ga shi nan cikin bidiyona, daƙiƙa goma sha ɗaya, da yagaggen singileti, da gammo, buhu ya danne masa wuya, wani yaro da bai kai ɗansa ba yana daka masa tsawa. Na goge nan take, amma abin da ya shiga wayoyi hamsin ya riga ya zama na gari.

Innata ce ta kira ni da asuba. Ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Da ka ɗauke shi, ka gaishe shi?" Na ce ban ma gan shi ba, jirgi nake ɗauka. Ta ce, "To, ai shi ne laifin."

Na daɗe ina kare kaina a zuci. Dako ba sata ba ne. Ƴan Nijar nawa ne a Abijan suke sayar da albasar Galmi, suke gasa nama, suke tsaye a kan kaskon garba, abincin nan na rogo da kifi da ya ɗauki sunanmu? Wa ya ce neman halal abin kunya ne? Duk gaskiya ne, kuma duk ba hurumina ba ne. Mutumin nan shi ya san abin da ya ci teburinsa, shi ya zaɓi ya ɗauki kayan mutane a inda ba a san shi ba don iyalinsa su ci da mutunci a inda aka san su. Wannan rufin asirin da wuyansa ya saye shi, ni kuwa na yaye shi don a ce na iya ɗaukar hoto. Har na tuna fim ɗin Moi, un Noir na 1958 da Jean Rouch ya yi a wannan unguwa ta Treichville, a kan ƴan ci-ranin ƙasarmu. Umaru Ganda ya fito a ciki yana aikin ƙarfi, amma da saninsa aka ɗauke shi, kuma da bakinsa ya ba da labarin kansa. Ni nawa mutumin ko sallama ban yi masa ba.

Kwana biyu ina zarya a tashar kafin in same shi a bayan wani shago, yana cin abinci a leda. Na tsuguna na ce, "Yaya, ni ne na yi abin nan. Ka yafe mini don Allah." Ya daɗe yana kallona, ya tambayi lafiyar Inna da ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya faru. Sannan ya ce, "Malam, da ka kira ni ranar, ai da na sauke buhun na sa riga, ka ɗauke ni da kyau." Na ciro jika biyar na miƙa masa. Wannan ma wani kuskuren ne, na gane tun hannuna bai gama miƙewa ba. Ya ture shi a hankali da bayan hannu, ya ce in saya wa yara tsaraba.

Damina ta faɗi bai zo gida ba, ƙanensa ya noma masa gona. A 2020 cutar korona ta tsayar da jirgin fasinja, iyakoki suka rufe, sai a shekara ta gaba na gan shi a Tawa, ranar kasuwa, cikin babbar rigarsa, yana cinikin rago. Yaran ajinmu sun ga jirgin, sun ga gadar Nzi da teku, a bidiyon da na sake yankawa babu fuskar kowa a ciki. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko a ƙasar can ba mutane ne.