Yaya Inna take kafin ciwon nan?

Litinin
An kwantar mana da tsofaffi biyu masu ciwon huhu, ɗaya a ɗakin maza, ɗaya a ɗakin mata. Baba ya haura tamanin, Inna ba ta kai saba'in ba. Na tambayi masu jinyarsu yadda suke mako biyu kafin ciwon. Baba da ƙafarsa yake zuwa masallaci, har gona yana leƙawa. Inna kuwa tun bara a zaune take salla, sai an kama mata take wanka, rigunanta duk sun yi mata yawa. Ita ta fi tayar mini da hankali.

Talata
Na auna su da ma'aunin raunin tsufa da Kenneth Rockwood da abokan aikinsa na Jami'ar Dalhousie a Kanada suka fitar a 2005. Yanzu matakansa 9 ne, daga mai cikakken ƙarfi zuwa wanda ajali ya kusanto. Baba na mataki na 3, Inna na 6. Sai dai ma'aunin na duba ko tsoho na yin cefane da girki da kansa, alhali a gidajenmu tsohuwa mai surukai da jikoki ba a barin ta ta ɗauki ko buta. Shi ya sa nake ƙara tambaya: kasawa ta yi, ko hana ta aka yi? Amsar kan sauya matakin gaba ɗaya.

Laraba
Inna ta ruɗe cikin dare, ta fizge robar ƙarin ruwa, tana kiran mutanen da suka rasu. 'Yarta ta ce, “Likita, ai tsufa ne.” Na ce, “Hajiya, shekaranjiya ta gane ki sarai. Ruɗewar dare ɗaya akwai dalilinta.” Muka rage maganin da ke sa ta barci, muka duba fitsari, aka kawo mata tabaranta daga gida.

Alhamis
'Ya'yan Baba sun hana shi sauka daga gado, wai ya huta. Na fahimci tausayinsu, amma kwanciya na cinye naman ƙafar tsoho cikin 'yan kwanaki. Na sa shi ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya dawo ya zauna. Ko jingina bai yi ba.

Asabar
An sallami Baba. Inna ta dawo hayyacinta, ta sha kunu da hannunta. Ba zan sallame ta ba sai likitan gashin ƙashi ya tsayar da ita, mun kuma san wanda zai riƙa kwana kusa da ita a gida.