Nawa zan sayar da kati? Yadda na koyi cewa "albarka"

Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Shekaranjiya wata ƙanwarmu 'yar aji ɗaya ta same ni a ɗaki da katunan gaisuwa guda uku da ta yi da hannunta, masu kyau wallahi, ta ce, "Anti, ɗari biyar-biyar ya yi, ko ya yi yawa?" Sai da gabana ya faɗi, don wannan ɗari biyar ɗin ce ta taɓa hana ni zuwa gida Sallah.

Ni dai a yajin aikin ASUU na 2022 na koyi yin kati. Kun tuna, an fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna zaune. Ina gida Funtuwa, zaman ya ishe ni, sai na fara kallon YouTube ina yanka kwalin sabulu da almakashin Umma. Kafin a koma makaranta hannuna ya faɗa. Da na dawo Ibadan na yi wa abokiyar ɗakina, Bayarbiya, katin zagayowar ranar haihuwarta. Ƙawayenta suka gani suka ce su ma suna so, nawa ne? Na ce ɗari biyar. Ban yi lissafin komai ba, ita ce kawai ta fara zuwa bakina, kuma ina faɗa ina jin kunya kamar na roƙi wani abu.

Haka na ci gaba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin Micra zuwa Dugbe ya tashi, kwali ya tashi, gam ya tashi, hatta ledar da nake saka katin ta tashi. Ni kuwa ina nan a ɗari biyar ɗina. Duk sanda alat ya shigo sai in ji daɗi, ai ina sana'a. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa kullum nake cira daga kuɗin abinci in sayo kayan aiki ba.

Ana saura mako uku Babbar Sallar 2024, wasu 'yan ajin ƙarshe, 'yan uwanmu na Arewa, suka ce in yi musu kati arba'in na walimar bankwana, kowanne da sunan mai shi. Na yi niyyar in ce ɗari bakwai. Kafin in buɗe baki ɗaya ta ce, "Haba 'yar gida, ai ɗari biyar muka ji kina yi, mu ma za ki tsauwala mana?" Na ce to shi ke nan. Suka ba ni dubu goma sha biyu, saura dubu takwas sai bayan walima. Kayan aiki suka ci dubu ashirin da huɗu, na cika da kuɗin motar da Abba ya turo min na zuwa gida. Kwana biyar ina yanka ina mannawa har ƙarfe biyun dare, ga tes a gabana, wanda ba sai na faɗa muku abin da na ci a ciki ba. Walima ta yi kyau, kowa ya ɗauki hoto da katinsa. Ragowar kuɗina kuwa sai bayan wata biyu suka gama fitowa, dubu ɗaya yau, dubu biyu jibi. Umma na yi wa ƙarya na ce karatu ne ya riƙe ni. Har yau abin yana min ciwo.

A Sabo na yi Sallar, gidan wata ƙanwar kakarmu da muke ce wa Goggo, mai sana'ar turaren wuta da humra. Washegarin Sallah ta ga ina ta share ido, ta matsa min sai da na faɗa mata komai. Ta ce, "Ke 'yar nan, uwar kuɗinki nawa a kati ɗaya?" Na ce, "Goggo, ban taɓa lissafawa ba." Ta riƙe haɓa ta ce, "To ai sadaka kike yi ba ki sani ba. Sadakar ma ba niyya, balle ki sa ran lada."

Ta sa na ɗauko takarda da biro muka zauna. Kwali mai kauri falle ɗaya ɗari shida, yana fitar da kati huɗu, ɗari da hamsin ke nan. Ambulan da leda ɗari da ashirin. Gam, ribon, ƙyalƙyali da alƙaluman kala, in an raba, ɗari da tamanin. Kuɗin mota zuwa kasuwa da datar da nake tura hotuna, ɗari. Sai ta ce, "Wanda ya lalace fa, wa yake biya?" Gaskiya ne, a kati goma sai ɗaya ya ɓaci, ko reza ta zarce ko tawada ta zuba. Muka sa hamsin. Jimilla ɗari shida. Wato duk katin da na sayar, ni nake bin mai saye da naira ɗari daga aljihuna. Ba a ma zo maganar bayana da idona da baccina ba.

Ina zaune wata mata ta shigo sayen humra, ta taya ƙasa sosai. Goggo ta yi murmushi ta ce, "Albarka." Matar ta ƙara kaɗan, ta sake cewa albarka, ta tambaye ta yara, ta zuba mata naman Sallah a leda. Matar ba ta saya ba, suka rabu suna dariya. Goggo ta juyo ta ce, "Kin ga an yi faɗa? Tun kaka da kakanni aka ajiye mana kalmar nan don kada mai kaya ya cutu, kada mai saye ya ji kunya. Kuma ki je bakin masallaci ki tambaya, hular da aka ɗinka da allura da wadda keke ya ɗinka kuɗinsu ɗaya ne?"

Abin da ya rage shi ne kuɗin lokacina, na rasa da me zan auna shi. Sai a watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na dubu saba'in. Na ce to, in mutum yana aikin awa takwas, kwana biyar a mako, awa 160 ke nan a wata, kowace awa ta kama kusan naira 440. Kati mai sauƙi yana cin min minti arba'in da biyar, wajen naira 330. A haɗa da ɗari shida, 930. Nan ne fa na fita ba riba ba asara. Sai na ɗora riba ya zama 1,200. Mai suna da dogon saƙo, ko wanda zan rubuta sunan da ajami ko rubutun Larabci mai ado, yana cin awa biyu, 2,500 nake sayar da shi. Waɗannan alƙaluman nawa ne na wancan lokacin, kada wani ya kwafa. Ku je kasuwarku ku yi naku lissafin, don kaya sun sake motsawa.

Ba zan ɓoye muku ba, mutane sun gudu. Mako biyun farko kati uku kacal na sayar, har na fara tunanin komawa gidan jiya. Wata ta ce min a shago akwai na ɗari bakwai. Na ce haka ne, na inji ne, an buga dubbai iri ɗaya, in shi kike so ba laifi. Sannu a hankali waɗanda suka san abin da suke nema suka dawo. Da Ileya ta zagayo, kamar yadda Yarbawa ke kiran Babbar Sallah, da Kirsimeti, da lokacin bikin yaye ɗalibai, har sai da na mayar da wasu. Yanzu katunan da nake yi ba su kai na da yawa ba, amma ban ƙara taɓa kuɗin abinci ba, kuma ina bacci.

Ga ƙa'idojina yanzu, ko za su amfani wani. Ba na ɗaukar reza sai an ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran kuma ranar karɓa, ba bashi. Mai sayen sari ina rage masa, don zuwa kasuwa ɗaya ne, yanka ɗaya ne, amma ba na sauka ƙasa da dubu. Wanda ya zo da gaggawa cikin makon jarrabawa, ko ya ƙara kuɗi ko ya yi haƙuri. Duk farkon zango ina sake lissafi. Sannan duk wata ina ware kati biyu na kyauta, ina rubuta su a littafi da sunan kyauta, in ba wanda raina ya so. Wannan da niyya nake yi.

Ku kuma masu saye, don Allah mu ji tsoron Allah a kan junanmu. Na lura 'yan ajinmu Yarbawa da Ibo in na faɗi kuɗi sukan taya sau ɗaya, su biya ko su wuce. Namu ne za su kawo maka maganar gari ɗaya da yare ɗaya, har ka ji kamar ka aikata laifi. Mai yi miki lalle a ɗaki, mai yi maka aski, mai awara, mai gyaran waya, duk daga nesa suka zo kamar ku, kuma da ɗan abin nan suke sayen takardu. Ko mai karɓar dubu ashirin ɗin NELFUND duk wata ya san ba ta kaiwa ƙarshen wata. In kana ƙaunar ɗan uwanka, biya shi cikakke, in da hali ka kawo masa wani mai sayen.

Ƙanwar tawa kuwa, mun zauna da biro kamar yadda Goggo ta zaunar da ni. Nata ya tashi 1,100. Ta ce, "Anti, wallahi kunya nake ji." Na ɗauki kati ɗaya na ce na saya ɗari biyar. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, sai can ƙasa-ƙasa ta ce, "Albarka." Na tura mata dubu ɗaya da ɗari, katin yana kan teburina, na Umma ne in Allah ya kai mu hutu.

Allah ya sa albarka a karatunmu da neman halal ɗinmu, ya mayar da mu gida lafiya.