Yadda Muka Ɗauki Waƙar Walima Cikin Kwana 9

 

Ya kai mai karatu, ɗalibi ne kai ko mahaifi, da yawanku kun ga bidiyon waƙar walimar saukar bana a wayoyinku, har ana tambayata wane kamfani ne ya yi, nawa kuma aka biya shi. To, babu kamfani. Mu ne da yaranku, da waya ɗaya ta aro.

Saura kwana 9 walima kwamitin iyaye ya kawo shawarar, dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne. Akwai kakanni a ƙauye da ba za su iya zuwa ba, akwai kuma mahaifiyar wani mahaddaci da ta daɗe a kwance. Aka ɗora mini aikin saboda ni na rubuta waƙar. Kuɗin da aka tara bai wuce na hayar situdiyo na awa 1 da ruwan sha ba.

Ka sani, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sai da kyamarar kaset ake wannan aiki. Yau wayar da ke aljihunka ta fi waccan kyamara fitar da hoto. Abin da waya ba ta sayar maka shi ne tsari, shi kuwa a takarda ake yin sa.

Da murya muka fara, domin ba a ɗaukar sauti da hoto tare. Yara 6 suka shiga situdiyo suka rera baiti 8 da amshi, murya zalla. Ko mandiri ba mu sa ba, tunda ra'ayin iyaye a kan kiɗa ba ɗaya ba ne, mu kuwa muna so kowa ya kunna a gidansa ba tare da ɗar-ɗar ba. Ranar ɗauka sai a saki wannan murya a lasifika, yara na bin ta da baki. Kafin kowace ɗauka, ɗalibi ya ɗaga ƙaramin allon alli mai lambar baiti, wani ya yi tafi ɗaya. Da wannan tafin ake daidaita baki da sauti wajen haɗawa.

Alhamis muka zaɓa, ranar da babu karatu, don kada muraja'a ta sha kashi. Ba mu bi baitoci a jere ba, wuri muka bi: duk abin da ya shafi gindin darbejiya a gama shi, sannan a koma aji. Muka yi aiki da hantsi, muka dawo bayan la'asar, saboda ranar tsaka tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido. Wayar a kwance, an ɗaure ta a kan benci, kowane baiti sau 3: daga nesa, daga kusa, sannan daga gefe.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne amanar 'ya'yan mutane. Hoton da ya shiga WhatsApp ya zama zancen da ya fita daga baki, ba ya komawa. Shi ya sa muka aika wa kowane gida takardar neman izini, da ajami da boko. Gida 3 suka ce ba su yarda a nuna fuskar 'ya'yansu mata ba. Ɗaya daga cikin yaran nan ita ce mafi zaƙin murya, ta zo da hawaye ta ce, "Malam, ka roƙi Baba mana." Na ce mata, "Babanki ya fi ni iko da ke, kuma gaskiyarsa." Sai muka bar muryarta a amshi, muka ɗauki hannunta kawai yana riƙe da alƙalami. In ka sake kallo, ita ce a baiti na 5.

Haɗawa ta ci dare 2 a manhajar CapCut, ga ɗaukewar wuta, ga zarya wajen mai caji. Muka kammala ana gobe walima, alhamdu lillahi. Washegari aka kai wa waccan mahaifiya har gadonta.

Ya ku ɗalibai, wanda ya ga ana tafa masa a bidiyo kada ya manta da abin da ya kai shi gaban kyamara, wato haddarsa. Ita kuwa in ba a tilawa guduwa take yi. Ya ku iyaye, Allah ya saka muku da alheri, waɗanda suka amince da waɗanda suka ƙi. Roƙona shi ne kada a yanki fuskar yaro a watsa ta inda iyayensa ba su sani ba.

Allah ya albarkaci zuri'armu, ya sa abin da suka haddace ya cece mu baki ɗaya. Wassalam.